Ladabin Mai Saye a Mashayar Ingila

In ka tara 'yan makaranta goma ka tambaye su mene ne ladabi, lalle tara daga cikinsu za su ce maka gai da malam, da rusuna wa iyaye, da tuɓe takalmi a ƙofar sarki. Gaskiyarsu, duk wannan ladabi ne, yaron da ya rasa shi kuwa ya yi babbar hasara. Amma ku duba da kyau, waɗannan da aka lissafta duk manyanka ne, suna da ikon su hore ka in ka kuskure. Saboda haka ba a iya rarrabewa sosai ko ladabi ne ya sa ka rusuna, ko tsoro. Akwai kuwa wani wuri inda tsoro ba ya taimakon kowa, watau inda kai ke riƙe da kuɗi, wani ya tsaya gabanka yana jiran ka faɗi abin da ka ke so, ba shi kuma da damar ramawa in ka ci mutuncinsa, don kada ya rasa abincinsa. Nan ne a ke gane wanda aka hora a gida da wanda bulala kaɗai ya ke gudu.

Ni dai inda na ga an ba irin wannan ladabi haƙƙinsa, wuri ne da ba ku zata ba, watau mashayar Ingila, cikin shekarun da na zauna can ina neman ilmi. Na san wani zai ce, ina ruwan ɗan makaranta da labarin gidan giya? Tambayar tana kan hanya. Ni kaina ban taɓa kai giya bakina ba, ba kuwa kiranku na ke yi zuwa gare ta ba, ko can ƙasar tasu ma doka ta hana a sayar wa wanda bai cika shekara 18 ba. Dalilina biyu ne. Na fari, cikinku akwai waɗanda karatu ko aiki zai kai su Turai, ran da kuwa aka gama jarrabawa, ko a ke bankwana da wani, can abokai za su ce a tafi. Gara mutum ya san abin da zai tarar, ko zai shiga ko ba zai shiga ba, gama baƙo ko da idonsa makaho ne. Na biyu, abin da ke ladabi gaban mai zuba giya a Landan, shi ne ladabi gaban mai shayi a bakin tasha, abin da ke cikin kofin kaɗai ya bambanta.

Sunan da mutanen Ingila ke kiran wurin nan da shi, in an juya shi da Hausa, “gidan jama'a” ke nan, sunan kuwa ya dace. Ƙasarsu ƙasar sanyi ce, a watan Disamba tun wajen ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara rufewa, ba mai shimfiɗa tabarma ƙofar gida a yi hira kamar yadda mu ke yi. Ba su kuma faɗa wa juna gida sai da gayyata. To, mashaya ita ce zaurensu, ita ce dandalinsu. Nan a ke jin wanda ya mutu da wanda aka haifa, nan a ke gardamar ƙwallo da ta zaɓe, nan tsohon da matarsa ta rasu ya kan zo ya zauna kusa da wuta don ya ji muryar mutane. Abin ya daɗe ƙwarai, gama tun 1393 Sarki Ricad na Biyu ya umarci kowane mai sayar da giya ya rataya alama a ƙofarsa, don ma'aikatan da ke ɗanɗana ta su san inda za su nufa. Har yau za ka ga allo rataye da hoton jan zaki, ko kambin sarauta, ko farar barewa. A shekarar 2000 irin gidajen nan sun haura 60,000 a Birtaniya, zuwa 2019 sun ragu ba su kai 48,000 ba. Da yawa cikinsu suna sayar da abinci, da lemo, da gahawa, tun 2010 kuma doka ta wajabta musu su ba mai saye ruwan sha kyauta in ya roƙa.

Abu na farko da ya kan ɗaure wa baƙo kai shi ne, in ya shiga ya sami kujera ya zauna yana jiran a zo a tambaye shi, to, sai ya kwana nan. A galibin gidajen ba mai zuwa. Kowa da ƙafarsa ya ke tafiya bakin kanta, ya faɗi abin da ya ke so, ya biya nan take, ya ɗauko da hannunsa. Malamin jami'a da mai sharar titi duk haka su ke yi. Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki. Mutanen Ingila sun yi suna wajen bin layi, ko mutum biyu ne a tashar mota sai ɗaya ya tsaya bayan ɗaya. Amma a bakin kantar mashaya ba su jeruwa. Kowa ya zo sai ya nemi inda ke da sarari ya tsaya, kafaɗa da kafaɗa, mai kallo daga nesa ya ce kasuwa ce. Alhali kuwa layin yana nan, cikin kai a ke riƙe da shi. Duk wanda ya iso ya kan dubi waɗanda ya tarar, ya san waɗannan sun riga shi, ya kuma lura da wanda ya zo bayansa. Mai aikin kanta ita ma tana lissafi da wutsiyar ido, hannunta na zuba, kanta na ƙirga. A zamanin annobar korona, cikin 2020 da 2021, gwamnati ta sa a riƙa kai wa mutane a tebur. Da aka janye dokar, waɗansu samari suka fara jeruwa ɗaya bayan ɗaya har bakin ƙofa, tsofaffin 'yan gida kuwa suna ta gunaguni, wai an ɓata al'ada.

Me ya sa su ke ƙyashin wannan al'ada haka? Sai da na ga wani abu da idona na gane. Wata ranar Juma'a da dare na tsaya bakin kanta zan sayi lemo, wuri ya cika maƙil. Kusa da ni wani dattijo ne mai furfura, da gani ɗan gida ne, don mai aikin ta kira sunansa tun daga nesa, har ta miƙa hannu ga tambulan ɗin da ya saba sha da shi. Sai ya girgiza kai, ya nuna ni da haɓa, ya ce mata, “Fara da saurayin nan, 'yata, ya riga ni.” Bai san ni ba, bai san ƙasarmu ba, bai ko sake dubana ba. Da ya yi shiru ya karɓi abinsa ba wanda zai ce ya yi laifi, gama cikin cunkoson nan ba mai iya rantsuwa kan wa ya riga wani. In mutane sun kai ashirin lissafin mai aiki ya kan ɓace, sai ka ji ta ɗaga kai ta ce, “Wa ke biye?” To, wannan tambaya ita ce jarrabawar. Ba ɗan sanda, ba tara, ba dokar da aka rubuta. Layin amana ne a hannun kowa, in mutum uku suka ci amanar a jere, shi ke nan, sai ƙarfin kafaɗa da ƙarfin murya su gaje wurin, tsoho da mace da baƙo su koma baya.

Kada ku zaci kuwa tun fil'azal haka abin ya ke ga kowa. An yi zamanin da baƙin mutum zai tsaya bakin kantar nan har ƙafarsa ta gaji, a yi kamar ba a gan shi ba, ko a ce masa ya fita. A birnin Biristol akwai wani mutum, Paul Stephenson, wanda aka haifa a Ingila a 1937, mahaifinsa mutumin Afirka ta Yamma ne. Shi ya shugabanci ƙaurace wa motocin haya na birnin a 1963, domin kamfanin ya ƙi ɗaukar baƙaƙe da mutanen Asiya aikin tuƙi da karɓar kuɗi, har kamfanin ya sauko. Ba a daɗe ba ya shiga wata mashaya a birnin, aka ce ba a son irinsa a nan. Ya ce shi kuwa ba inda za shi sai an sallame shi kamar kowa. Aka kira 'yan sanda suka kama shi, aka kai shi gaban alƙali bisa laifin ƙin fita, alƙali ya kori ƙarar. A 1965 Majalisar Ingila ta kafa dokar da ta hana nuna bambancin launi a wuraren da jama'a ke shiga, har da mashaya da masauki. Ya rasu a 2024. Ashe kalmar nan “ya riga ni” da dattijo ya faɗa a kaina, wani ne ya shiga hannun 'yan sanda kafin ta zama tawa. Wanda ya san haka ba ya wasa da layin wani.

Sai kuma yadda a ke kiran mai aiki. A can ba a kiranta da baki ko kaɗan. Mutum ya kan tsaya ya fuskanci kanta, kuɗinsa ko katinsa a hannu, ya jira idonsu ya haɗu, ya ɗan ɗaga gira ko ya yi murmushi. Ita kuma ta gyaɗa kai, ma'ana ta gan ka, ta sa ka cikin lissafi. Ƙyasta yatsu, da buga kwabo a kan katako, da yin fito da baki, da kaɗa takardar kuɗi a fuskar mutum, duk waɗannan cin fuska ne. Na taɓa fita da wani ɗan ƙasarmu, sabon zuwa, ɗan babban gida, wanda ya saba tun yana yaro in ya yi tari barori su sheƙo. Ya kutsa bakin kanta, ya ɗaga takardar fam 20 yana kaɗawa, ya yi wa yarinyar “sss” kamar mai korar kaza. Ta dube shi ta ce, “Ina zuwa, maigida,” sa'an nan ta sallami mutum biyar kafin ta waiwaye shi. Ya dawo yana huci, ya ce mini, “Malam, ka ga wariyar launi ko?” Na ce masa, “Ɗan'uwa, dubi wancan da ta sallama na biyu, ai ya fi ni da kai baƙi. Wariya tana nan a ƙasar nan, ran da ka gamu da ita ba sai an gaya maka ba. Amma yau kam hannunka ne ya ja maka.” Bai ji daɗin maganar ba a daren nan, amma ban sake ganin ya kaɗa wa kowa kuɗi ba.

Ku tuna wace ce ke bayan kantar nan. Sau da yawa 'yar makaranta ce kamarku, ta fi ku da 'yan shekaru kaɗan, tana aikin dare don ta biya kuɗin ɗaki. Tun la'asar tana tsaye, za ta kuma kai tsakar dare tana wanke tambulan tana goge ƙasa bayan kowa ya tafi. Kuɗin da ka miƙa mata na abin da ke cikin tambulan ne, ba a haɗa da mutuncinta cikin cinikin ba. Saboda haka mai hankali ya kan sauƙaƙa mata aiki. Kafin ya isa kanta ya riga ya tambayi abokansa abin da kowa ke so, ya riƙe a kai, ba sai an zo kansa ba ya juya yana ƙwala kira, mutum goma na jira bayansa. Ya kan faɗi duka a baki ɗaya. In cikin abokan akwai mai shan baƙar giyar nan Guinness, ita ya ke fara ambata, don sau biyu a ke zuba ta, ana dakatawa ta kwanta, ta kan ci wajen minti biyu, kafin nan an haɗa sauran. Ba ya magana cikin waya yana nuni da yatsa. Ya ce don Allah, ya ce na gode, ya karɓi canjinsa, ya matsa ya ba na baya wuri. In zai tafi ya kan kwaso tambulan ɗin da suka sha ya ajiye bakin kanta, ko da ya ke ba wanda ya sa shi. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke cin kwabo, shimfiɗar fuska kuwa ta fi ta tabarma.

Zancen tukuici, kowace ƙasa da irin nata, wanda ya ɗauki al'adar wani gari ya kai wani garin sai ya sha kunya. A Amurka wajibi ne a wurin jama'a, ko da ya ke ba doka ba ce. A kan bar dala ɗaya ko biyu kan kowane kofi, ko kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin duka. Dalili kuwa, tun 1991 dokar tarayyarsu ta yarda a biya mai aikin da ke samun tukuici dala 2.13 kaɗai a awa, bisa sharaɗin tukuicin ya cika masa mafi ƙarancin albashi, ko da ya ke jihohi da yawa sun sa abin da ya fi haka. Wanda ya sha ya tashi bai bar kome ba a can, guminsa ya ci. A mashayar Ingila kuwa ba a saba ba da tukuici a bakin kanta ba. In mutum ya ji daɗin yadda aka karɓe shi, sai ya ce wa mai aikin, “Ke ma ki sha ɗaya,” ita kuma ta yi godiya ta ƙara kuɗin kofi guda cikin lissafi, ta sha bayan an tashi ko ta riƙe kuɗin. Ku dubi hikimar. Da ya jefa mata sule, ya mai da ita baiwa shi ubangida. Da ya ce ta sha, ya mai da ita abokiyar zama.

Yanzu ga al'adar da ta fi kowace nauyi a wurinsu, wadda zan kira karɓa-karɓa. In abokai huɗu suka zauna, ba kowa ke sayen nasa ba. Ɗaya ya tashi ya sayo wa duka huɗun, in an kusa shanyewa wani ya tashi, har abin ya zagayo. Kamar adashi ne, kowa ya zuba, kowa ya kwasa. Kun kuwa san sunan da a ke ba wanda ya kwashi adashi ya gudu kafin zubinsa. Haka nan a can, mutumin da ya sha na mutum uku, da aka zo kansa ya tuna yana da uzuri a gida, ba mai ce masa uffan, amma an rubuta shi, har a wurin aiki abin zai bi shi. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Haka kuma ba a so mutum ya zaɓi mai tsada ran da wani ke biya, ya koma mai araha ran da shi ke biya. Ba a jira sai tambulan sun bushe an fara kallon juna kafin mai bi ya miƙe.

Amma al'adar nan tana da mugun lahani, gama mutum shida in sun zauna, kofi shida ke nan ya hau kan kowa, ko yana so ko ba ya so, babban tambulan ɗinsu kuwa mililita 568 ya ke ci, ya ɗara rabin lita. Su kansu sun san haka. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, cikin 1915, Loyid Joj, wanda ke riƙe da baitulmalin ƙasar, ya faɗa a fili cewa abokan gāba uku su ke yaƙa, Jamus da Ostiriya da giya, giya kuwa ta fi sauran biyun haɗari, don ma'aikatan da ke ƙera makamai da jiragen ruwa suna fashin aiki saboda ita. Sarki Joji na Biyar ya yi alkawarin ba za a sha ba a gidansa sai yaƙi ya ƙare. A shekarar nan aka kafa dokar da ta hana mutum ya saya wa wani giya, mai karya ta yana iya shan ɗaurin wata shida, ba a janye ta ba sai 1919. Aka kuma rage lokacin buɗewa, har rufewar da a ke yi da rana ta zauna musu sai 1988. Ku duba, karimci ne fa, amma da ya zama tilas sai da hukuma ta sa hannu.

Daga nan za ku gane cewa rabin ladabin wurin nan shi ne kada ka matsa wa kowa. In mutum ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi. In ya ce lemo zai sha, ba a tambayarsa dalili, ko addini ne, ko magani ya ke sha, ko mota zai tuƙa, ko yana yaƙi ne da wata tsohuwar jaraba da ba ya so a sani. Shi kuma wanda ba ya sha yana da nasa ladabin. In zuciyarsa ba ta yarda ya shiga wurin ba sam, sai ya faɗa da sakin fuska, ya yi godiya da gayyata, ya ce a haɗu gobe gidan gahawa shi zai biya. Mutanen kirki ba su jin haushin wannan. In kuwa ya shiga don a yi bankwana da malami ko abokin aiki, amma ba ya iya saya wa wani giya da kuɗinsa, to, tun kafin a sayo na farko zai ce a cire shi daga karɓa-karɓa, shi zai riƙa sayen lemonsa. Haka na riƙa yi, na kan kuma sayo gyaɗa da soyayyen dankali in zube tsakiyar tebur don kowa ya sa hannu, ban kuwa taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya sha lemon mutane sau uku, sai da aka zo kansa ya tuna da addini. Ba kuma daidai ba ne ka zauna teburin mutane da ƙafarka, sa'an nan ka yi ta yatsina fuska kana yi musu wa'azin da ba su roƙa ba.

Akwai lokacin da mai aiki za ta ce maka a'a, nan ma a kan gane mutum. In fuskarka ta nuna ƙuruciya za ta ce ka nuna takardar shaidar shekaru, gidaje da yawa ma duk wanda ba su ga alamar ya kai 25 ba sai sun tambaye shi. In ta ga mutum ya bugu za ta ƙi ƙara masa. Ba raini ba ne, wuyanta ta ke tsarewa. Bisa dokar 2003, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba 2005, wanda ya sayar wa bugagge da saninsa ana iya cinsa tara har fam 1,000, haka nan abokin da ya sayo ya miƙa masa, maigidan kuma yana iya rasa lasisinsa. Wanda ya tsaya yana gardama, yana cewa ba a san ko shi wane ne ba, so ya ke yarinya ta sayar da abincinta don ya ji daɗin minti goma. Haka in dare ya yi, a gidaje da yawa wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan a kan kaɗa ƙararrawa, watau mai son na ƙarshe ya zo. In an kaɗa ta biyu an rufe ciniki. Mai hankali ya shanye, ya yi sallama, ya fita ba hayaniya, don maƙwabta sun kwanta, masu aiki kuma suna da sauran shara kafin su nemi motar gida.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na mai da mutanen Ingila waliyyai. Na ga tsakiyar garuruwansu daren Asabar, na ga manya da furfurarsu suna tangaɗi suna amai bakin titi, na ga waɗanda suka shiga suna dariya suka fito suna dambe, 'yan sanda da motar asibiti na jiransu a ƙofa. Na ga waɗanda da ƙarfe bakwai su ke cewa don Allah da na gode, da ƙarfe goma kuwa suna faɗa wa 'yar mutane maganar da ba su iya maimaitawa gaban uwarsu. A shekarar 2022 kaɗai mutum fiye da 10,000 suka mutu a Birtaniya da cututtukan da giya ce sanadinsu kai tsaye. Duk ƙa'idodin nan da na lissafta shinge ne da suka kewaye wani abu mai haɗari da shi, sun san kuwa abin da ke cikin shingen ya kan ci shingen. In za mu ɗauko wani abu daga wurinsu, shingen za mu ɗauko.

To, mu komo gida, mu tsaya teburin mai shayi da sassafe. Mutumin nan tun kafin assalatu ya tashi ya hura wuta, ya ɗebo ruwa, ya jera burodi da ƙwai. Ga ɗan dako ya zo tun ɗazu, ya zauna ƙarshen benci da 'yan kuɗinsa a dunƙule cikin hannu. Ga almajiri an aiko shi da kofi. Sai ga mota ta tsaya, wani mai babbar riga ko ma'aikaci mai takalmi sau ciki ya leƙo ta taga, ya ce, “Kai, mai shayi, haɗa mini mai kauri, sauri na ke!” Me mai shayi zai yi? Ba shi da lasisin da zai fake da shi, ba shi da doka bayansa, tilas ya ajiye kofin ɗan dako ya juya. Shi ɗan dako ba ya iya magana, almajiri balle. Cikin duk waɗanda ke wurin nan mutum ɗaya tak ke da ikon ya gyara al'amarin, shi ne mai babbar rigar, in ya ce, “A'a, malam, sallami bawan Allah nan tukuna, ya riga ni.”

Ku 'yan makaranta, ku ne masu manyan rigunan gobe. Cikinku za a sami likita, da alƙali, da shugaban ofis, da mai kamfani, ranar tana zuwa da ba sauran mai iya ɗaga muku bulala, duk inda kuka tsaya za a ajiye na wani a fara da ku. Tun yanzu da kuɗin tara kaɗai ke aljihunku ya kamata ku saba. Ku yi wa mai shayi sallama kafin ku faɗi abin da ku ke so, ku kira shi malam ko baba gwargwadon shekarunsa. Ku biya mai ƙosai bashinta ran da kuka ce, kada ku sake hanya don kun hango ta. Ku miƙa kofi da hannu in kun gama. In kuma aka tambaya wa ke biye, kun san ba ku ba ne, ku nuna mai shi. Allah ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin wanda ba ya iya ƙwatar haƙƙinsa a hannunmu, amin.